Abin da Zanen Tufa ke Faɗa: Daga Dardumar Turkawa zuwa Saƙin Ƙasarmu

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Funtua zuwa Malumfashi da kaka, ya san yadda gonar auduga kan yi fari fat idan ta nuna. Tun zamanin Turawa, lokacin da kamfanin BCGA ya kafa injinan gurza a waɗannan garuruwa biyu, yankin ya yi suna a noman auduga. Amma kafin zuwan inji, iyayenmu mata ne kan gurje ta, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari, sannan masaƙa su saƙa. Kowane zane da aka sa wa tufa yana da suna, kowane suna kuma yana da dalili. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa ɗalibi cewa irin waɗannan zane-zane shaida ce a kan dabbobi da tsirran da al'umma ta zauna da su, da abin da take fata ko take tsoro.

Misali daga Turkawa

Bari mu fara da al'ummun Turkawa na tsakiyar Asiya da ƙasar Turkiyya, domin an daɗe ana nazarin dardumarsu. A shekarar 1949 wani masani ɗan Rasha, Sergei Rudenko, ya tono wata darduma a wani kabari a Pazyryk, cikin tsaunukan Altai, yankin da ake ɗauka tushen Turkawa ne. Ta haura shekara 2,300, amma ba ta ruɓe ba, saboda ƙanƙarar da ta rufe kabarin ta hana ƙwayoyin bakteriya aikinsu. A jikinta akwai mahaya dawaki da wasu dabbobi dangin barewa masu ƙaho mai rassa.

Makiyayan Turkiyya kuwa sukan saƙa ƙahon rago a matsayin alamar ƙarfi da yawan haihuwa. Sukan saƙa kunama da bakin kyarkeci don neman tsari daga sharrinsu. Akwai kuma zanen wata ƙaya mai maƙalewa a tufafi kamar ƙarangiyarmu, wadda suke ganin tana kore mugun ido. A lura: duk waɗannan halittu ne da makiyayi ke gamuwa da su kullum. Darajar zanen ta kai har tutar ƙasar Turkmenistan tana ɗauke da zanen darduma guda 5, kowanne na wakiltar ƙabila ɗaya.

Namu na gida

Bahaushe ma haka ya yi, a saƙa da kuma aikin allura. Saƙi tufa ce da ake haɗa baƙin zare da fari a cikinta, sai ta fito da ƙananan ɗigo-ɗigo kamar gashin zabo. Rigar tsamiya kuma ta samo zarenta ne daga saƙar wata tsutsa ta jinsin da masana ke kira Anaphe, wato silikin daji ke nan.

A gaban babbar riga akwai aska biyu ko aska takwas, da tambari mai kewaye, da dagi. Asalin kalmar dagi tafin ƙafar zaki ne ko damisa ko kyanwa. Daga nan sunan ya koma kan zanen da ake gani a riguna da bangon gidaje, wanda ya zama tambarin Jihar Arewa a zamanin Sardauna Ahmadu Bello. David Heathcote ya yi nazarin aikin rigunan Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a shekarun 1970.

Kimiyyar da ke ƙarƙashin zane

Zane ba ya fitowa sai da zare da launi, a saƙinmu kuwa galibinsu daga tsiro suke. Kowane silin auduga ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak da ta tsiro daga fatar angurya, kuma kimanin kashi 90 cikin 100 nata sinadarin selulos ne, mai shan ruwa da karɓar rini.

Shi kuwa ganyen baba kore ne, ba shuɗi ba. A cikinsa akwai wani sinadari marar launi. Idan aka jiƙa shi a karofi tare da toka, ƙwayoyin bakteriya kan sarrafa shi ya narke cikin ruwa, ya shiga zare. Da marini ya tsamo zaren, sai iskar oksijin ta taɓa shi, ya rikiɗe daga kore-kore zuwa shuɗi, ya daina narkewa. Shi ya sa marini kan tsoma ya tsame sau da yawa kafin ya sami baƙi sosai.

Gargaɗi ga mai bincike

Kimiyya ba ta ce zanen kunama ko aska yana tsare mutum ba; abin da take nazari shi ne yadda mutane suka fahimci muhallinsu. Haka kuma wajibi ne a bambance suna da ma'ana. Suna yakan daɗe bai sauya ba, amma ma'ana takan bambanta daga gari zuwa gari, har ma daga baki zuwa baki. Saboda haka maganar mutum ɗaya ba ta isa hujja ba.

Kammalawa

Yadin inji da zaren roba sun rage wa masaƙan gargajiya kasuwa, yau kuma injin ɗinki na iya fitar da aska takwas ba tare da mai shi ya san sunanta ba. Idan tsofaffin masu sana'a suka ƙaura ba a rubuta saninsu ba, zanen zai saura, bayaninsa ya tafi.

Aikin ɗalibai

1. A nemi masaƙi ko maɗinki ko tsohuwa mai kaɗi a garinku, a gaishe su cikin ladabi, a roƙi sunayen zane 5.
2. A zana kowanne a littafi, a rubuta gari da ranar hira.
3. A tambayi aƙalla mutum 3 ma'anar zane guda, a kwatanta amsoshinsu.
4. A ware zanen da sunansa ya fito daga dabba ko tsiro, malami ya taimaka a gano halittar.