Yadda Ake Bin Sawun Amai da Gudawa a Ƙasar Haɗejiya

Idan damina ta yi nisa, kogin Haɗejiya ya cika ya batse, ruwa ya shiga gidaje a Auyo da Guri da Kirikasamma, sai masai ya malale cikin rijiya. Ta nan kwalara ke samun ƙofa. A 2021, lokacin da aka samu rahoton mutum fiye da 100,000 da ake zargin sun kamu a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Bin sawun cutar daga cikin unguwa yake farawa. Mai kemis ne zai lura mutum uku daga layi ɗaya sun zo neman maganin gudawa a wuni guda. Liman ne zai sallaci gawa biyu daga gida ɗaya. Su da ungozoma da wanzami da mai unguwa su ne idon hukuma na farko. Abin da ake so su kula da shi: mutum mai shekara 2 zuwa sama yana zawo tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ido ya faɗa, fatar ciki in an tsunkula ba ta komawa da wuri. Wanda ya ga haka ya sanar da asibiti mafi kusa.

Ma'aikacin asibitin zai fara ba da ruwan gishiri da sukari ko ƙarin ruwa, ya cike fom, ya kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma cikin awa 24. Ba a jiran sakamakon gwaji, zargi kaɗai ya isa.

Sai jami'in ya hau babur, in hanya ta yanke ya shiga kwalekwale. Zai ɗauki samfurin bahaya, an fi so kafin a ba mara lafiya maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya yi gwajin nan take, sauran a aika ɗakin gwaji don tabbatarwa. Babban ɗakin gwaji na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, yana Gaduwa, Abuja. Sannan tambayoyi: a ina kuka ɗebo ruwa? Wane biki aka je? Wa ya yi jinya, wa ya wanke gawa? Ya jera sunaye da unguwa da ranar da ciwo ya fara, ya shigar a manhajar SORMAS, Dutse da Abuja su gani.

A nan aikin ke da wuya, domin mutanen fadama ba zaune suke wuri ɗaya ba. Masunci ya bi kifi, Bafulatani ya bi ciyawa, falken da ya kwana a kasuwar kifi ta Haɗejiya gobe yana Nguru ko Kano. Ga Fulatanci da Manganci da Badanci ban da Hausa. Jami'in da ya shiga ruga ba tare da ardo ba, ko ya je bakin ruwa bai gaida sarkin ruwa ba, da wuya ya komo da labarin gaskiya. A ganina, wannan sanayya ta fi kowace na'ura amfani.

In jerin sunayen ya nuna rijiya ɗaya, sai a zuba mata kulorin, a ware wurin jinya, a bi gida-gida. Bayan haka kowane asibiti zai ci gaba da aika rahoto duk mako, ko da sifili ne, don a bambanta inda ake lafiya da inda aka yi sakaci.

Jama'a, kada kunya ta sa a ɓoye mai gudawa a ɗaki. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti, a gaya wa mai unguwa a ranar.