DARASI: ƊAƊƊOYA DA TSARKAKEWA

Karatu: Fitowa 12:21-23, Littafin Ƙidaya 19:17-19, Zabura 51

'Yan'uwa cikin Almasihu, akwai wani ƙaramin tsiro da Littafi Mai Tsarki ya sha ambata. Ibraniyawa suna kiransa ezob. Yawancin masana sun ce shi ne za'atar na ƙasar Falasɗinu, mai fitowa a tsagar dutse da jikin bango, kamar yadda 1 Sarakuna 4:33 ya nuna. Da yake ba mu da shi a nan, sai wasu masu fassara suka sa sunan ɗan'uwansa, ɗaɗɗoya. Danginsu ɗaya da na'ana'a. Muna gane su da ƙamshi, da kara mai kusurwa huɗu, da ganye biyu-biyu masu fuskantar juna.

Ganyen ezob yana da gashi-gashi mai riƙe ruwa. Shi ya sa Isra'ilawa suka shafa jinin ɗan rago da shi a ƙofofinsu a Masar, aka kuma riƙa yayyafa ruwan tsarkakewa da shi. Mu lura: ba ganyen ne yake tsarkakewa ba. Abin da ya sha, shi yake yayyafawa.

Haka yake a lambu. Shekara da shekaru masana'antun Kano, musamman na jimar fata, sun riƙa sakin dagwalon ruwa. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya shiga Jakara, na Sharaɗa da Challawa kuwa ya gangara kogin Challawa. A cikinsa akwai guba irin su kuromiyam, wadda takan daɗe a ƙasa. Ganyen da aka yi wa ban ruwa da shi yakan yi kore shar, ƙamshinsa na nan, amma ya riga ya sha gubar. Wanki yana cire ƙurar waje ne kawai.

Saboda haka, mu da 'ya'yanmu da suke aiki a birni, mu tambayi inda aka noma ganye kafin mu saya. Gara kuma mu dasa ɗaɗɗoya da na'ana'a a tsohon bokiti a gida, mu ba su ruwan rijiya mai kyau.

Dawuda bai roƙi turare ba, zuciya mai tsabta ya roƙa. Mu ma abin da muka sha, shi za mu yayyafa wa iyalinmu.

Tambayoyi:
1. Daga ina ruwan lambunanmu yake zuwa?
2. Me zuciyarmu take sha kullum?

Addu'a: Ya Uba, ka wanke mu ciki da waje, cikin sunan Yesu. Amin.