Abin da ya fito daga tanderu da ƙishirwa yake fitowa

Wata ɗalibata ta same ni ranta a ɓace, wai sikelin ɗakin gwaji ya lalace. Ta gasa garin titaniyam dayoksaid, ta bar shi ya huce a buɗe, da ta ɗora shi sai lambobi suka yi ta hawa. Watan Agusta ne, damina ta kankama. Sikeli lafiyarsa lau. Garin ne ke shan laimar ɗakin a gaban idonta.

Wannan farin garin shi ne ke cikin fenti da man kare fata daga rana. Wuta tana korar ruwan da ke manne a fuskarsa, ta bar ƙwayoyin titaniyam a fili, masu saurin kama duk ruwan da ya ratso. Idan kuma kiristal ɗinsa aka gasa inda aka zuƙe iska kaf, har oksijin ɗin jikinsa yakan fita ya bar gurabe, launinsa ya koma shuɗi. A gurbin nan ruwa ba zama kawai yake yi ba, rabewa yake yi: ɓangaren oksijin ya cike gurbin, haidirojin ɗaya ya tsallaka kan oksijin na maƙwabtaka. Masu bincike a jami'ar Aarhus ta Denmak sun nuna haka da madubin ganin ƙwayar zarra a 2001. Ruwan da ya rabe haka, zafin digiri 105 da muke busar da kaya da shi ba ya fitar da shi.

Tun da Fujishima da Honda suka raba ruwa da haske a kan wannan sinadari a 1972 ake ɗora masa buri, har gilashi mai wanke kansa. Duk a kan wannan siririyar fuskar abin yake faruwa. Shi ya sa raina ke sosuwa in na karanta aikin ɗalibi ya rubuta "an gasa" kawai. A zafi nawa? Cikin wace iska? Ya kwana a ina?

Ɗalibaina da abokan aiki, don Allah, garin yana fitowa daga wuta ku rufe shi a desiketa, mazubin da ke hana laima shiga, ku rubuta laimar ɗakin a littafinku. Awon da na yi da hunturu na maimaita shi da damina, bai ba ni lamba ɗaya ba.