Yadda ake zagayen tsofaffin garuruwa a kan babur

Wanda ya shiga motar haya daga Kano zuwa Dutse ba ya ganin komai sai bayan kan direba da gefen kwalta. Mai babur kuwa yana iya tsayawa inda ya ga dama, ya ratse burji, ya shiga garin da mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa. Ga yadda ake shirya irin wannan tafiya, da misalin zagaye daga Kano zuwa Rano, Birnin Kudu, Dutse da Gaya.

1. Zaɓen lokaci

Mafi dacewa shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba. Ruwa ya ɗauke, rafuka sun janye, ƙasa ba ta gama bushewa ba, hazon hunturu kuma bai yi kauri ba. Da damina laka da cikar rafi kan tsare mutum yini guda, da bazara kuma zafi yana gajiyar da inji da mahayinsa.

2. Tambayar hanya

Kafin a duba taswirar waya, a je tasha a tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum: ina gada ta karye, ina ake aikin titi, ina ba a bi bayan la'asar. Jihohi da dama sun taƙaita hawa babur saboda tsaro, kuma tun 2013 aka hana acaɓa a cikin birnin Kano, don haka a san dokar kowane wuri kafin a goya wani. Duk yankin da mutanen gari suka ce a bari, a bar shi.

3. Kai babur wurin bakanike

Boxer ko Jincheng ko Haojue da ake hawa kullum ya isa, kuma ya fi babban babur amfani a nan, domin kowane ƙauye akwai mai gyaransa da kayansa. A juye baƙin mai, a duba birkin gaba da na baya, a ɗaure sarƙa a sa mata mai, a gwada fitila da hon. Tayar da ta suɗe a canza ta tun a gida. A yi wannan kwana biyu kafin tashi, don a gwada gyaran a cikin gari.

4. Haɗa kaya

Hular kwano, takalmi rufaffe, safar hannu, da rawani ko ƙyalle na tare ƙura. Babbar riga da duk wani abu mai lilo a naɗe shi a jaka, kada sarƙa ta kama. A riƙe tiyub na ajiya, famfon iska, fulogi, wayar kuloci, sifana da ruwan sha. Lasin, takardun babur da katin shaida su zauna a aljihun gaba, saboda shingen jami'ai. A ɗaure kaya ƙasa-ƙasa a tsakiya, kada nauyi ya rinjayi gefe ɗaya. Kuɗi kuma a hannu, ƙananan canji, domin ba ko'ina sabis yake ba.

5. Tsarin ayari

Babura uku zuwa biyar sun isa. Fiye da haka, idan kuka tunkaro ƙauye, kafin ku yi sallama an fara rufe ƙofofi. A naɗa madugu wanda ya san hanya ya wuce gaba, wanda ya iya gyara ya tsaya a baya. Ba a wuce madugu, kuma a kowace mararraba ana jiran na ƙarshe. A tashi bayan sallar asuba da gari ya waye, a sauka masauki kafin magariba.

6. Tuƙi a burji da yashi

A kwalta haɗarin tirela ne da ramuka. A ba babbar mota hanya, kada a manne mata a baya. A burji a rage gudu tun kafin kwana, ba a cikinta ba. In an shiga yashi a sauko giya ta biyu, a ja jiki baya, a riƙe mai daidai, kada a damƙe birkin gaba, domin shi ke kayar da mutum. Garken shanu in ya tare hanya, a tsaya a gaida makiyayi har su wuce, ban da hon. A cika tanki a gidan mai duk lokacin da ya kai rabi. Man 'yan bumburutu na ranar tilas ne.

7. Shiga gari

Nan ne tafiyar take gyaruwa ko ta ɓaci. A yau baƙo a kan babur abin zargi ne har sai an san shi. A rage gudu tun daga bakin gari, a cire hula da rawani a ga fuska. A nemi ƙofar gidan mai unguwa ko dagaci, a kashe inji daga nesa, a cire takalmi, a yi gaisuwa: “Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Kano, mun zo ganin tarihin garinku.” Goro ko ɗan abin gaisuwa ba ya ɓaci. Galibi za a haɗa ku da wanda zai yi muku jagora, kuma shi ne zai nuna muku tsohuwar ganuwa ko rijiya ko kushewa da ba za ku taɓa gani da kanku ba. Kada a ɗauki hoton fada, mata ko maƙabarta sai da izini. In an gama, a sallami jagora, a koma a yi wa mai gari ban kwana.

8. Zagayen kansa

Ranar farko a bi ta Kura, garin marina da baƙin rawani mai sheƙi da Buzaye ke saye, a ratsa gonakin shinkafa da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga nan sai Bunkure, sai Rano a gindin duwatsunta. Rano na cikin Hausa Bakwai, kuma ita da Kano ake kira sarakunan baba, saboda rini. A leƙa Tiga da yamma, a dawo a kwana.

Rana ta biyu a bi ta Kibiya da Garko a fito Wudil. In ta kama Juma'a, kasuwar shanu tana ci, sai a yi haƙuri da cunkoso. A miƙa ta Kwanar Huguma zuwa Birnin Kudu, inda zanen shanu na mutanen dauri yake jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Wuraren suna hannun hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa, don haka a nemi mai kula da su, kada kuma a taɓa zanen da hannu.

Rana ta uku a nufi Dutse. Ta zama babban birnin Jigawa a 1991, amma tsohon garin yana Garu, a tsakiyar duwatsu, inda tsohuwar fada take. A sayi dabino, a biyo ta Gaya, garin da tarihin baka ya ce daga can maƙeran nan Abagayawa suka taso suka zauna a Dala.

9. Bayan an dawo

A wanke babur, a tsaftace matatar iska da ta sha ƙura, a sake duba sarƙa da notuna. A rubuta sunayen garuruwa da abin da dattawa suka faɗa tun bai gushe ba. Wanda kuka karɓi lambarsa a kira shi a ce an sauka lafiya, in an yi alkawarin hoto a aika. Da haka ayarin da zai biyo bayanku zai tarar da ƙofa a buɗe.