Darasin Sana'a: Wurin Wa Za Mu Sayi Injin Niƙa?

A darasin da ya wuce mun duba yadda ƙungiya take tara jari ta hanyar adashe da gonar haɗin kai. Yanzu kuɗi sun taru. Zumuntar mata da ƙungiyoyin matasa da dama a ƙauyukanmu na Tambuwal da Kebbe sun nuna sha'awar sayen injin niƙa, kuma shawara ce mai kyau, domin babu gidan da ba ya niƙan gero ko dawa ko masara. Wannan darasi zai taimake mu a kan abu guda: yadda za mu zaɓi mutumin da za mu miƙa wa kuɗin ƙungiya. A karanta shi a taro, a tsaya a ƙarshen kowane sashe a tattauna.

Ranar saye ɗaya ce, ranakun gyara suna da yawa

Kowane inji yana tsayawa, komai kyansa. Bel yana tsinkewa, boris yana cinyewa, ringi yana gajiya. Saboda haka sa'ad da muka shiga shago, abin da ya kamata mu riƙe a zuciya shi ne ranar da injin zai tsaya: wa za mu kira, ina za mu sami abin da ya lalace, kwana nawa za mu jira?

Bari mu yi lissafi na misali. A ce dila na farko yana sayar da inji naira 400,000, amma kayan gyaransa sai Kano. Dila na biyu yana sayarwa 450,000, kayan gyaran kuwa suna nan a Tambuwal ko Jega. A ce kuma injin yana kawo ribar naira 4,000 a yini. Idan na farko ya tsaya mako uku ana jiran saƙo daga Kano, mun yi asarar naira 84,000, alhali 50,000 kaɗai muka rage ranar saye. Ban da wannan, matan da suka saba kawo mana niƙa sun koma wani wuri, wasunsu ba za su dawo ba. Araha ba ta ado. Kowace ƙungiya ta sa nata alƙaluma ta sake wannan lissafi.

Mu san abin da muke saye

Abin da muke kira injin niƙa abu biyu ne da aka haɗa da bel. Akwai injin da ke shan mai yana juyawa, akwai kuma kan niƙa, inda ake zuba hatsi. Injin yawanci daga waje ake shigo da shi. Kan niƙa kuwa sau da yawa masu walda na gida ne suke haɗa shi. Wani dila yana sayar da duka biyun, wani ɗaya kawai. Idan mun saya a wuri biyu, ranar da matsala ta taso kowa zai ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Ya fi sauƙi mutum guda ya haɗa su, ya gwada, ya ɗauki alhakin duka.

Injunan da muka fi gani iri uku ne.

Ƙaramin inji mai fetur. Asalinsa ƙirar kamfanin Honda ce ta Japan, irin su GX160 da GX200, amma mafi yawan waɗanda ke kasuwa kwaikwayonsu ne da aka yi a ƙasar Sin. Na kwaikwayo ba laifi ba ne idan an sayar mana da shi da sunansa da farashinsa. Kayan gyaransa suna da sauƙin samu. Ya dace da markaɗen wake, tumatir da tattasai, da niƙa marar yawa.

Inji mai gas na ƙasar Sin, mai silinda ɗaya da tankin ruwa a kansa. Ya fi ƙarfi, ya fi jure aikin yini, amma yana bukatar mai tsabta da makanikin da ya san nozul da famfon mai.

Babban inji mai ƙafa biyu masu nauyi, wanda muke kira Lista. Sunan ya fito ne daga kamfanin Lister na garin Dursley a Ingila. Kamfanin ya daina ƙera wannan tsohon samfuri tun 1987. Sababbin da ake gani yau yawanci daga Indiya suke, musamman birnin Rajkot. Don haka duk wanda ya nuna mana irin wannan inji ya ce sabo ne fil daga Ingila, ya riga ya nuna mana halinsa.

Akwai kuma mai aiki da lantarki. Wannan sai inda wuta take tsayawa. Kada mu saya bisa alkawarin cewa za a kawo wuta.

Tun da aka sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mai ya zama babban abin lissafi. Lita da ba ta kai naira 200 ba ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da yawa. Saboda haka mu tambayi masu niƙa, ba mai sayarwa kaɗai ba: lita ɗaya tana niƙa mudu nawa?

Mu fara da makaniki

Kafin mu je shagon kowa, mu fara zuwa wurin makanikin da ya fi kusa da mu. Shi ne yake buɗe cikin injunan yankin, ya san wanda ke wahalar da mutane. Mu tambaye shi irin injin da ya iya gyarawa, da inda yake sayen kaya. Daga nan mu ziyarci masu niƙa biyu ko uku, a Dogon Daji ko Jabo ko Sanyinna ko Kuchi, duk inda ya fi mana kusa. Mu tambaye su wurin wa suka saya, sau nawa injin ya tsaya a shekarar farko, da abin da dilan ya yi sa'ad da suka koma masa.

Idan yawancin masu niƙa na yankinmu iri ɗaya suke amfani da shi, akwai dalili. Mu bi sahunsu. Injin da babu irinsa a ƙasar duka, ranar da ya lalace zai zama abin kallo.

Ina za mu saya?

Kowane wuri yana da amfaninsa da wahalarsa. Tambuwal da Jega suna kusa, za mu iya komawa a yini ɗaya, kuma dilan ya san za mu sake haɗuwa. Sakkwato da Birnin Kebbi sun fi yawan shaguna, ana iya kwatanta farashi. Kano ta fi kowa zaɓi da sauƙin kuɗi, a Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, amma sai mun ƙara kuɗin mota, kwana, dako da haɗarin hanya, kuma mayar da kaya ba ƙaramin aiki ba ne. 'Yan'uwa na ƙauyukan Kebbe su tuna da damina, lokacin da wasu hanyoyi sukan gagari mota. Ga su, kusancin kayan gyara ya fi komai.

Akwai masu yawo ƙauye-ƙauye da hoton inji a waya, suna neman kafin alƙalami. Ba mu ce dukansu macuta ne ba, amma ba a cinikin biri a sama. Wanda ba shi da shagon da za mu je mu same shi, kada a ba shi kuɗin ƙungiya. Idan dillali ne ya raka mu, a san la'adarsa tun farko, a san kuma wanda zai biya ta.

Tambayoyi bakwai ga mai sayarwa

Mu je shaguna uku aƙalla, mu yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, magatakarda ya rubuta amsoshin.

1. Shekara nawa kake a wannan shago?
2. A wace ƙasa aka yi injin? Sabo ne, na hannu ne, ko gyararre da aka yi wa fenti?
3. Kana da bel, boris, ringi, fistan da dutse nasa? Nuna mana, ka gaya mana farashinsu.
4. Garanti wata nawa ne, me ya shafa, me bai shafa ba?
5. Wa zai kafa shi a ƙauyenmu, ya koya wa mai kula da shi? Wa zai biya?
6. Za ka tashe shi mu yi niƙa da shi kafin mu biya?
7. Su wa ka sayar wa a yankinmu da za mu je mu tambaya?

Mu lura da yadda yake amsawa. Mai gaskiya yakan faɗi aibin kayansa, ya ce wannan yana shan mai, wancan ba ya son ƙura. Wanda ya ce injinsa ba ya lalacewa, ko ya yi fushi da tambaya, ko ya matsa a biya yau domin gobe zai ƙare, a yi masa godiya a wuce. Gaskiya ne farashi yana canzawa. Dala da ake canzawa wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yuni 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan waje kuma suka bi ta. Maganin wannan shi ne dila ya rubuta mana farashi, ya rubuta kwanakin da zai riƙe mana shi.

Ranar gwaji

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mu tafi da makanikinmu, da mai da muka auna, da mudu biyu ko uku na gero da masara. A tashi injin yana sanyi, domin injin da aka ɗumama tun safe yana ɓoye ciwonsa. A bar shi ya yi aiki rabin awa. A duba hayaƙi: shuɗi yana nuna yana ƙona baƙin mai, baƙi mai yawa yana nuna ba ya ƙone mansa daidai ko aikin ya fi ƙarfinsa. A duba yoyo, a saurari ƙara, a taɓa wurin boris a ji ko ya yi zafi fiye da kima.

Mata su duba garin, su ne suka san laushin da tuwo da fura suke so. A kuma kula da faranti biyu na ƙarfe masu haƙora da ke murƙushe hatsin, waɗanda masu niƙa ke kira dutse. Idan ƙarfensu mai taushi ne, suna saurin cinyewa, ɓurɓushin kuma cikin garin da yaranmu za su ci yake shiga. A zuga maganaɗisu na tsohuwar sifika cikin garin a ga abin da zai manne. Sabon dutse yakan zubar da ɗan ƙarfe da fari, shi ya sa ake fara wanke shi da dusa, a zubar da ita. Idan bayan haka bai ragu ba, a nemi wani.

Takarda da biya

Kuɗin nan na mutane da yawa ne, wasu gwauraye ne, wasu kaza suka sayar suka zuba. Don haka kada mutum ɗaya ya yi cinikin. Mutum uku su je: shugaba, ma'aji da wanda zai kula da injin. Idan dilan ɗan'uwan wani ne a cikinmu, ko muna sujada tare da shi, a faɗa a gaban taro, sa'an nan a yi masa tambayoyin nan bakwai kamar kowa. Zumunci ba ya hana rubutu, rubutu ne ma yake kare zumunci.

Rasit ya ɗauki sunan ƙungiya, sunan shago da adireshi, kwanan wata, irin injin, lambar da aka buga a jikinsa, kuɗin da aka biya, da sharuɗɗan garanti. A gwada lambar rasit da ta jikin injin kafin a ɗora a mota. Idan ta banki za a biya, sunan asusun ya dace da na shagon ko na mai shi. A roƙi dila ya yarda a riƙe wani kaso sai an kafa injin ya yi aiki. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana a yaudari mai saye a kan kaya. Amma ko a hukuma, ko wurin shugaban kasuwa, abin da za a fara tambaya shi ne takarda.

Kada a kashe jarin duka a kan injin. A bar kuɗin rumfa, siminti na kafa shi, man mako biyu, baƙin mai, bel ɗaya da dutse ɗaya na ajiya. Ya fi kyau a gama saye kafin kaka, domin aiki ya same mu a shirye.

Idan wata sana'ar muka zaɓa

Hanyar ɗaya ce ga mai son firij mai hasken rana don sayar da ruwan sanyi, ko wurin cajin waya. A can batir ne yake fara mutuwa, don haka garantinsa za a fi matsawa a kai. Akwai kuma mai kawo kaya: a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin ruwan leda da lemo, a kuma riƙe masu kawowa biyu, domin idan ɗaya ya makara kada shago ya zama wayam.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Injunan niƙa nawa ne a ƙauyenmu da na kusa? Nawa ne suke tsaye, me ya tsayar da su?
2. Wane makaniki ne ya fi kusa da mu, wane irin inji ya iya?
3. Idan injinmu ya tsaya mako biyu, nawa za mu rasa?
4. Me za mu yi idan ɗan'uwa ya kawo mana inji da araha, amma ya ƙi ba da takarda?

Aikin wannan wata

Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum uku. Su ga makaniki ɗaya, masu niƙa biyu da shaguna uku, ba tare da kuɗi a hannu ba. Su kawo amsoshin a rubuce a taro mai zuwa, a karanta wa kowa kafin a yanke shawara. A darasi na gaba za mu duba yadda ake riƙe littafin shiga da fita na wurin niƙa, da yadda ake ware kuɗin gyara kowace rana.