Ɗan kokawar da kaye ɗaya ya hana shi komawa fili

Wani ubangidan 'yan kokawa daga Goronyo ya kawo mini kuka. Yaronsa da ya fi ji da shi ya sha kaye a wasan bayan kaka a Wurno, gaban jama'a, kuma tun ranar ko atisaye ya daina zuwa. Ba karaya, ba targaɗe. In an yi masa magana sai ya ce shi kam ya gama yawo, ko kuma ya ce an yi masa asiri. Ubangidan ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya haɗa shi da iyayensa, duk a banza.

Malam, ciwon yaronka yana cikin maganar da yake gaya wa kansa. Wannan ita ce hujjar da wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka suka gina aikinsu a kai: Albert Ellis, wanda ya fara tasa hanyar a 1955, da Aaron Beck na Jami'ar Pennsylvania a shekarun 1960. Ana kiranta hanyar gyaran tunani. Ellis ya kasa abin uku: abin da ya faru, fassarar da mutum ya yi masa, sai halin da ya biyo baya. Mutane biyu za su sha kaye iri ɗaya. Na farko ya ce ƙafarsa ta hagu ya bari a buɗe, washegari yana fili. Na biyu ya ce mutuncinsa ya zube har abada, sai ya shige ɗaki.

Kalmar da zan so ka yi farautarta a bakinsa ita ce "dole". Dole in yi kaye kullum, dole garinmu ya yi alfahari da ni, in na faɗi ban da sauran amfani. Ellis ya lura cewa irin wannan tilasta wa kai ce ke mayar da baƙin ciki na yau da kullum ya zama karayar zuciya. A nan ƙasarmu kuwa akwai abin da ke hura wutar, wato kirari. Makaɗi aikinsa ne ya ce gwiwarka ba ta san ƙasa ba, da haka yake cin abinci, kuma fili ba ya daɗi sai da shi. Matsalar tana zuwa ne ranar da yaro ɗan shekara ashirin ya ɗauki kirarin a matsayin alkawarin da ya wajaba ya cika.

To ga abin yi. Ka same shi ku biyu, ban da abokai, ban da 'yan kallo. Kada ka ce masa ya manta, don ba zai manta ba. Ka tambaye shi da harshen gida: "Ɗana, sa'ad da kat tashi daga ƙasa, mi kac ce ma kanka?" Ka yi shiru har ya faɗa. Daga nan ku sa maganar a gaba kamar alƙali da shaidu. Ya ce kowa na yi masa dariya: su wane, da sunansu? Ya ce ya gama: karawa nawa ya yi bana, nawa ya ci? Ka tuna masa da maƙwabtanmu na Nijar, inda ake gasar kokawa ta takobi tun 1975. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobin fiye da sau ɗaya, amma akwai shekarun da ya shiga gasar takobin ya tafi hannun wani, ya kuma dawo. Ka bari yaron ya amsa da bakinsa, domin amsar da ya samo da kansa ta fi zama a ransa fiye da wa'azinka.

Sai ku musanya maganar da wata wadda gaskiya ce, kuma ana iya ɗauka: "Ina so in yi kaye, zan yi iyakar ƙoƙarina, in an kayar da ni zai yi zafi amma zan tashi." Ya riƙa maimaita ta kafin ya shiga fili. Ban yarda da zuga irin ta "kai ne gwani, ba mai iya maka" ba, wani dolen ne aka sake masa riga.

Zancen asiri kuwa, kada ka yi masa ba'a, in ka yi ka rasa shi. Ka ce ya riƙe addu'arsa, sannan ku kalli hoton bidiyon karawar a waya, in akwai wanda ya ɗauka, ku nemo inda ya saki jiki. Manomin shinkafa a fadamar Wurno yana tawakkali, amma bai fasa gyara kunyarsa ba. Tunanin asiri yana da wani daɗi da ba a cika faɗa ba: yana ɗauke wa mutum laifi. Sai dai yana ɗauke masa abin gyarawa ma.

Komawa fili ta zama sannu a hankali. Atisaye da abokin da ya saba da shi, sai ƙaramin wasa a ƙauyukan Rabah ko Goronyo, kafin babban taro. Bayan kowane wasa ka fara tambayar abin da ya yi daidai, kafin a zo kan wanda ya ci.

Ka sa ido kan abu biyu. Na farko ƙwaya, musamman tramadol, da samari ke sha wai don cire tsoro. Na biyu, in ya kai mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba ya jin daɗin komai, ko ya fara zancen gara ya mutu, abin ya wuce hirar ubangida da yaronsa. Ka kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma ka raka shi da ƙafarka.