Hukuncin Kwana da Wuta a Ɗaki Lokacin Hunturu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, in iskar hunturu ta sauko daga Hamada, ƙasar Gobir tana cikin waɗanda ɗari ke fara duka. A Tsamaye da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa, magariba na yi sai a hura kara ko itace a tsakar gida, a zuba garwashi a kasko a kai wa tsofaffi da masu jego. Jin ɗumi halal ne, babu malamin da ya hana. Magana tana wajen kwana da wutar.

Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abu Musa Al'ash'ari cewa wani gida ya ƙone da dare a Madina da mutanensa a ciki. Da aka ba Manzon Allah (S.A.W.) labari, sai ya bayyana cewa wuta abokiyar gaba ce, ya yi umurni a kashe ta in za a yi barci. A hadisin Jabir kuwa an faɗi dalili: ɓera yakan ja lagwanin fitila ya ƙona gida.

Imamu Nawawi ya yi bayani a sharhinsa na Muslimu cewa illar hanin ita ce tsoron gobara, saboda haka fitilar da aka rataye, aka amince da ita, ba laifi a bar ta. To, amma wane aminci ne ga garwashi a ɗakin da aka yi wa jinka da ciyawa, ga dangar kara, ga rumbun gero kusa, ga iska tana kaɗawa? Hatsin shekara guda yakan tafi kafin a jawo guga biyu daga rijiya.

Akwai kuma haɗarin da ido ba ya gani. Gawayi in yana ci a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga, yana fitar da wata iska mai guba, marar launi, marar wari, wadda ke hana jini ɗaukar iskar numfashi. Mai barci ba ya farkawa balle ya nemi ƙofa. Ciwon kai da jiri su ne alamunta na farko, a fita da mutum waje nan take.

Ta fuskar haƙƙin maƙwabci, Shehu Halilu ya ambata a Muhtasar cewa wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi, ta tsallaka ta cinye dukiyar wani, to, biya ya hau kansa. Faɗin cewa ƙaddara ce ba ya sauke masa wannan lamuni.

Abin da ya kamaci maigida shi ne a ɗumama ɗaki tun da sauran ido biyu, ƙofa a ɗan buɗe, sa'an nan a fitar da kaskon, a yayyafa masa ruwa. Shi da kansa zai zagaya ya duba murhu bayan lisha, kada ya bar wa yara wannan aiki.